Ƙugiyar Da Ta Ƙi Zama: Tarihin Tsara Littafin Hausa Daga Dalma Zuwa Waya



Duk wanda ya daɗe yana karatun Hausa a kwamfuta ko a waya, da wuya a ce bai taɓa cin karo da rubutu irin wannan ba: "Sarkin Ha]eja ya kar~i ba}i." Wata rana kuma ya ga an rubuta "Sarkin Haxeja ya karvi baqi." Wani sa'in ma ba wannan ba wancan, sai wasu 'yan akwatuna su tsaya a tsakiyar kalma kamar giɓin haƙori. Alhali duka jimla ɗaya ce ake son faɗa, wato Sarkin Haɗeja ya karɓi baƙi. Da yawa daga cikinmu ɗauka muke yi cuta ce ta kama fayil ɗin, ko kuwa mai bugun ne bai san aikinsa ba. Gaskiyar magana ita ce wannan tabo ne na wani tsohon miki da ya haura shekara ɗari, wanda kowane zamani ya ɗaure shi da tsumman da ya samu ya wuce, ya bar wa na baya. Yana da kyau mu san tarihinsa, domin akwai ɗimbin littattafan marubutanmu da ke kwance a cikin tsofaffin fayiloli da wannan tabon a jikinsu, kuma in ba a tashi tsaye ba za a wayi gari babu mai iya buɗe su.

Asalin ƙugiya

Kafin zuwan boko, malamanmu da ajami suke rubutu, kuma wani ɓangare na wannan matsala bai dame su ba. Larabci yana da kaf yana da ƙaf, saboda haka kafa daban, ƙafa daban. Haka nan sun ari harafin nan na Larabci da ke farkon sunan Ɗahiru suka ba sautin ɗa. Da Turawa suka zo da haruffansu guda 26, sai aka ga babu gurbin ɓ da ɗ da ƙ a ciki, domin bakinsu bai san waɗannan sautuka ba. A 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko. A wancan zamani dabarar da ake yi ita ce a ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, ko a maƙala masa wata 'yar alama a gefe. Ko babban ƙamusun Bargery na 1934 da irin waɗannan alamomi ya fito.

Sai dai ɗigo abu ne mai saurin ɓata. Mai rubutu da hannu yana mantawa da shi, a wajen ɗab'i kuma in tawada ta yi ƙaranci ba ya fita. Wata cibiya ta nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926 ta ba da shawarar cewa duk sautin da ba shi da harafi a ƙera masa nasa sukutum, a daina dogaro da ɗige-ɗige. A kan wannan tunani aka lanƙwasa kan b da d da k, kuma kafin ƙarshen shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya sun zama su ne ƙa'ida. Na huɗunsu shi ne na kalmar 'ya'ya, wanda a Nijeriya aka bar shi da alama a gabansa, a Nijar kuwa aka yi masa tasa ƙugiyar, ƴ.

Kada mai karatu ya ɗauka ado ne kawai. A cire ƙugiya a ga yadda zance zai juye. "Sarki ya shiga fada" daban yake da "Sarki ya shiga faɗa." Wanda ya kare ka masoyinka ne, wanda ya ƙare ka kuwa sai dai a yi maka addu'a. Baki daban, baƙi daban. Bahaushe yakan gane daga yanayin zance, amma yaro ɗan firamare da baƙon da ke koyon harshen ba su da wannan gatan.

Zamanin dalma a Zariya

An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zauna a Zariya ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East. Ita ce ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida da shi East. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Bayansa aka yi hukumar NORLA cikin shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC a 1966.

A wannan zamani harafi abu ne da ake riƙewa a hannu. Da dalma ake zuba shi, a jera ɗaya bayan ɗaya har layi ya cika, layuka su zama shafi. In maɗaba'a ta sa an zubo mata ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana, to ta huta, domin abin da aka jera shi zai hau takarda. Ga kuma masu duba rubutu da ke bin kowane shafi kafin a buga. Shi ya sa in ka ɗauki tsohon bugun Magana Jari Ce za ka ga kowace ƙugiya tana mazauninta. Amma wannan tsabta tana da tsada. Ƙofa ɗaya ce tak, kuma ba kowa ake buɗe wa ba. Marubuci zai aika da littafinsa Zariya ya zauna jiran amsa, wani ya samu, da yawa su ji shiru.

Su kuwa masu ajami wata hanya suka bi da ta fi sauƙi. Gwanin rubutu zai zauna ya rubuta littafi da alƙalami da tawada, a ɗauki hoton shafin a buga shi yadda yake. Da haka rubutun hannun irin su Sharif Bala Gabari na Kano ya shiga kasuwannin Afirka ta Yamma. Su ba su taɓa neman harafi sun rasa ba, tunda hannu ba ya rasa harafi.

Tafireta da bakin biro

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da dubban matasa masu iya karatun boko, daidai lokacin da tattalin arziki ya fara tsukewa. Da aka shiga shekarun 1980 takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta da suka san za su sayu. Sai matasa suka ce in ba a buga mana ba, mu buga da kanmu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, a farkon shekarun 1990 kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa. Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka kafu a Kano.

Kayan aikinsu na farko tafireta ce, irin ta ofis, wadda aka ƙera don Ingilishi. Babu ƙugiya a bakinta. Saboda haka mai haƙuri yakan gama bugawa, sannan ya ɗauki biro baƙi ya bi layi-layi yana lanƙwasa kan kowace k da d da b da ta cancanta, kafin a kai maɗaba'a. Marar haƙuri kuwa ya bar su haka nan. Masu suka na jami'a sun daɗe suna yi wa waɗannan littattafai gorin karya ƙa'idar rubutu, kuma a wasu wurare suna da gaskiya, musamman wajen raba kalmomi da haɗe su. Amma a batun ƙugiya, sau da yawa laifin na'ura ne aka ɗora wa marubuci. A matakin ƙasa an yi yunƙuri cikin shekarun 1980 na samar da jerin haruffa guda da zai wadaci duk harsunan Nijeriya, har shahararren mai zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin. Sai dai amfaninsa bai sauko har teburin mai buga tafireta a Fagge ko Sabon Gari ba.

Kwamfuta ta iso da nata

A 1985 wani kamfani a Amurka mai suna Aldus ya fitar da manhajar PageMaker, wadda ta ba mutum ɗaya damar tsara shafin littafi a kan teburinsa, aikin da a da sai an tara ma'aikata. A 1989 CorelDraw ta fito daga Kanada. Waɗannan biyu, tare da Microsoft Word, su suka zama jarin shagunan buga takardu da ake kira bizines santa, waɗanda suka yawaita a Kano cikin shekarun 1990. Ciki a PageMaker, bango a CorelDraw. In an gama a fitar da shafukan a kan wata takarda mai shara-shara da ake ce wa tiresin, rubutun a juye kamar a madubi, a kai wa mai yin farantin ɗab'i.

To amma kwamfuta ma da irin ciwon tafireta ta zo. Ita ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi yana da lambarsa, shi kuma zubin haruffa, wato abin da 'yan shago ke kira fon, shi ne ke cewa in an ga lamba kaza a zana siffa kaza. Zubin haruffa na wancan lokaci gurbi 256 kacal gare shi, kuma harsunan Turai sun riga sun cinye su. Babu lambar ƙ, babu ta ɗ, babu ta ɓ.

Sai aka yi dabara irin ta mai gida ɗaya da baƙi da yawa, wato a tashi wani a kwantar da wani. Cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera zubin haruffan Hausa da aka sani da Rabi'at da kuma Abdalla, waɗanda suka bazu a shaguna da jaridu da sassan Hausa na manyan makarantu. Hanya biyu aka bi a irin wannan aiki. Ta farko, tunda Hausa ba ta amfani da q da x da v, sai aka goge siffarsu aka zana ƙ da ɗ da ɓ a gurabensu. Ta biyu, don a bar wa mai haɗa Hausa da Ingilishi haruffansa, sai aka kwashe alamomin baka da ke gefen allon madannai, } ta zama ƙ, ] ta zama ɗ, ~ ta zama ɓ, su kuma { da [ da | suka ɗauki manyan. Wannan aiki ya yi wa harshen Hausa babbar hidima. Shi ya mayar da ƙugiya cikin littattafai da jaridu da kundayen digiri bayan an kusa sabawa da rashinta, kuma a lokacin babu wata hanyar da ta fi ta.

Sai dai riga ce aka sauya, mutumin da ke ciki yana nan. Ido yana ganin ƙ, amma kwamfuta a zuciyarta q ta sani. Muddin fayil yana tare da zubinsa lafiya lau. Ranar da ya je inda babu wannan zubin, sai riga ta faɗi, Haɗeja ta koma Haxeja ko Ha]eja. Asalin abin da muka gani a farkon wannan rubutu ke nan.

Daga Gantsa zuwa Kano

Don mu ga yadda abin yake a aikace, bari mu dubi marubucin da ba a Kano yake zaune ba. An cire Jihar Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sa Dutse ta zama babban birni, a 1996 kuma aka yanki Buji daga Birnin Kudu aka ba ta ƙaramar hukuma mai hedikwata a Gantsa. Sabuwar jiha ta zo da ofisoshi, ofisoshi suka jawo shagunan kwamfuta, a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki ma har aka buɗe makarantar koyon ilimin kwamfuta a Kazaure a 2001. Amma siyasa ce ta raba jiha, kasuwar littafi ba ta rabu ba. Manyan injinan ɗab'i da dillalan takarda da masu sarin littattafai duk suna Kano.

A ce ga wani malamin makaranta a Gantsa ya cika littattafan rubutu uku da labari. Zai kai wa mai kwamfuta a Dutse ko Birnin Kudu a buga masa, ya karanta ya gyara, a zuba masa a faifan fulofi, wanda bai wuce megabait 1.44 ba, ya sa a aljihu ya hau mota ta Wudil. Tun a nan haɗari ya fara, domin fulofi ba ya shiri da zafi da ƙurar hunturu. In Allah ya sa ya buɗe a Kano, sai a tarar kwamfutar maɗaba'a ba ta da zubin da aka yi aikin da shi, ko tana da na ɗaya tsarin. PageMaker za ta nemi wanda ya yi kama da shi ta maye gurbin, in mai aikin yana sauri ya danna amincewa bai duba ba, shi ke nan an buga dubu da q da x a ciki.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Kowane zubi da faɗin haruffansa, saboda haka in an sauya shi layuka sukan motsa. Su kuwa waɗannan littattafai a tsakiya ake ɗinke su, dole yawan shafukan ya rabu gida huɗu daidai, kuma a littafi mai shafi 64 shafin farko da na 64 a kan falle ɗaya suke zama, na 2 da na 63, haka har tsakiya. In rubutu ya ƙaru da layi biyar, babu inda za su je. PageMaker takan nuna wata 'yar jar alama mai kusurwa uku a ƙasan rubutun, ma'ana akwai saura a ɓoye. Wanda bai lura da ita ba ya buga littafi babu ƙarshensa. A labarin da aka raba kashi-kashi, inda duk armashin yana layin ƙarshe da zai sa mai karatu ya nemi na biyu, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Akwai kuma ƙananan shisshigi na manhajar da aka gina don wani harshe. In layi ya cika takan karya kalma bisa ƙa'idar Ingilishi, sai ka ga Dut-se da Gant-sa da Kat-sina, alhali ts baƙi ɗaya ne da ba ya rabuwa, Du-tse ne da Gan-tsa da Ka-tsi-na. Word takan ɗaga "i" ta amsawa ta mayar da ita babba a tsakiyar jimla. Alamar da ke gaban 'ya'ya da 'yan takan juya ta zama ta buɗe zance. A tsarin q da x da v kuma, lambobin Romawa da ake sa wa shafukan gabatarwa sukan fito da abin dariya, shafi na iv ya zama iɓ, na x ya zama ɗ, mai babur Vespa ya wayi gari a kan Ɓespa. A bango kuwa maganin da masu CorelDraw suka samo shi ne su mayar da rubutu zane kafin su kai maɗaba'a. Ƙugiya takan tsira, amma daga ranar ba a sake iya gyara ko harafi ɗaya.

Kowane harafi da lambarsa

Abin mamaki, a shekarar da aka haifi Jigawa aka haifi maganin. A watan Oktoba na 1991 aka fitar da tsarin Unicode, wanda manufarsa ita ce kowane harafi na kowane harshe ya samu lambarsa ta kansa da babu mai tashinsa a kai. Haruffanmu suna ciki tun farkon shekarun nan. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ kuma 0253. In an rubuta da su, ko an sauya zubi sau ɗari, ƙ tana nan a ƙ.

To me ya sa aka ƙara shekara kusan ashirin ana fama? Dalili na farko, PageMaker ba ta taɓa fahimtar Unicode ba har aka daina ta. Kamfanin Adobe ya saye Aldus a 1994, ya fitar da InDesign a 1999, PageMaker ta 7 da ta fito a 2001 ita ce ta ƙarshe, amma shagunanmu sun ci gaba da riƙe ta shekara da shekaru saboda ita hannu ya saba da ita, kuma ba ta da nauyi a tsohuwar kwamfuta. CorelDraw ma sai a ta 12, a 2004, ta karɓi tsarin. Dalili na biyu, samun lamba daban, samun wanda zai zana siffar daban. An ajiye ƙananan ɓ da ɗ a rukunin alamomin masana furuci, ƙ da manyan haruffan kuma a wani rukunin, saboda haka sai ka samu zubi yana da wannan ba shi da wancan. In babu, manhaja ta aro daga wani zubin, harafin ya fito ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, ko kuma ta ajiye akwati. Dalili na uku, babu madannin da za a taɓa. Shi ya sa a zaurukan intanet na farkon shekarun 2000 kowa ya yi ta kansa, wani ya rubuta k'asa, wani qasa, wani ya bar ta kasa. Da waya ta zo har lamba 6 aka ɗora wa aikin ɓ, ana rubuta 6arawo.

Sannu a hankali aka toshe waɗannan ramuka. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubi kyauta irin su Charis da Doulos da Andika masu ɗauke da dukkan haruffanmu, Google ta fitar da Noto, Microsoft ta sa allon madannan Hausa a Windows, wayoyin hannu ma suka samu nasu.

Littafi ya koma waya

Da kasuwar littafin takarda ta ja baya, marubuta, musamman mata, suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, da manhajojin sayar da littafi irin su OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013. Ta wata fuskar wannan ya 'yantar da marubucin Buji, domin ba sai ya bi ta Wudil ba, daga ɗakinsa zai kai ga mai karatu a Maradi ko Jidda. Amma tsohon mikin ya biyo shi har nan, kuma ya danganta da irin mazubin da aka zuba littafin.

PDF, wanda Adobe ta fitar a 1993, kamar hoton shafi yake. In an cusa zubin haruffa a cikinsa lokacin yin sa, zai fito daidai a kowace na'ura. Sai dai in da tsohon zubi aka yi shi, gyaran na ido ne kawai. Nemi kalmar ƙauna a ciki ba za ka samu ba, domin qauna ce a kwance. Kwafo sakin layi ka liƙa a WhatsApp, sai q da x su bayyana. Manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ma abin da ke ƙasa take bi. Ga shi kuma shafin da aka tsara don takarda ba ya zama daidai a fuskar waya, sai an yi ta ja ana matsawa.

EPUB kuwa, wanda aka tsayar a 2007, kamar ruwa yake, yana bin siffar mazubin da ya samu. Rubutu yana daidaita kansa da girman waya, mai karatu ya ƙara girman harafi yadda idonsa ke so. Amma sau da yawa da zubin wayar mai karatu yake fita, ba da na marubuci ba. A nan babu rigar da za ta rufa asiri. Littafin da aka tsara a 1998 da Rabi'at, in aka juye shi kai tsaye, duk ƙugiyoyinsa za su zube.

Abin da ya rage mana

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri yake so. A fara da adana kwafin asali a gefe, kada a taɓa shi. Sannan a buɗe fayil ɗin. InDesign har zuwa CS6 tana buɗe fayilolin PageMaker na baya-bayan nan, waɗanda suka biyo bayanta ba sa yi, amma LibreOffice, wadda kyauta ce, tana iya buɗe na 6 da na 7. A fitar da rubutun zalla, a duba wane tsari aka bi, na q ne ko na baka. Sai a yi amfani da umarnin nema da musanyawa, harafi shida ɗaya bayan ɗaya, a tabbata an gaya wa manhajar ta bambanta babba da ƙarami, in ba haka ba Ƙaraye za ta koma ƙaraye. Kafin nan a ware sunayen waje da lambobin Romawa da bakan gaske don kada a haɗa da su. A kashe karya kalma ta kai-tsaye, a kashe gyaran rubutu na Ingilishi, a zaɓi zubin da ke da haruffan duka. In an gama a gwada a waya biyu ko uku mabambanta, a nemi kalma mai ƙugiya a gani ko za ta fito. Daga ƙarshe mutum ya zauna ya karanta da idonsa tun daga farko, domin inda mai bugun farko ya manta ƙugiya babu manhajar da za ta san fada ake nufi ko faɗa. In fayil ya riga ya mutu sai takarda, a ɗauki hotonta, amma a sani manhajar da ke mayar da hoto rubutu takan ɗauki ƙ a matsayin k, ɓ a matsayin b ko 6, sai an bi ta a hankali.

Abin da ya sa wannan ya zama na gaggawa shi ne lokaci ba ya jira. Littattafan shekarun 1990 a kan takarda mai araha aka buga su, ta fara ja tana karyewa. Kwamfutocin yanzu ba su da ramin fulofi. Shagunan da suka yi aikin da yawa sun rufe, wasu marubutan sun riga mu gidan gaskiya, magada kuma ba su san abin da ke cikin tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin gado ba. Ko intanet ɗin ma ba rumbu ba ne, domin OkadaBooks ta rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023, wanda bai ajiye kwafinsa ba sai ya nemi wani wurin. Littattafan Zariya na 1930 sun tsira saboda akwai hukuma a bayansu. Na Kano da Jigawa da Katsina na shekarun 1990 ba su da kowa sai masu su.

Jigawa tana da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, tana da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, ga ƙungiyoyin marubuta, ga matasa da suka iya kwamfuta suna neman abin yi. Da kowane ɗalibin Hausa zai ɗauki tsohon littafi ɗaya, da izinin mai shi ko magadansa, ya mayar da shi Unicode ya ajiye kwafi a ɗakin karatu, da cikin 'yan shekaru an ceto abu mai yawa. Kai kuma marubucin yau, sa allon madannan Hausa a wayarka, ka rubuta ƙ a inda take, ka ajiye kwafin rubutunka zalla a wuri fiye da ɗaya. Waɗanda suka bi layi-layi da bakin biro sun yi nasu da abin da suka samu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu daga cikinsu, ya ƙara wa na raye lafiya, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.